Tambaya da Amsa: Musun Addini a Waya, Wa Ya Taɓa Sallamawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ina da shagon cajin waya da sayar da kati a Funtuwa. Muna da zauren WhatsApp na dangi, an buɗe shi ne don sanarwar biki da rasuwa da karo-karon asibiti. To duk shekara in watan Rabi'ul Awwal ya kama, sai zauren ya koma fagen musu tsakanina da Yaya, ɗan wan babana, a kan Maulidi. Shi yana yi, ni ba na yi. In ya turo bidiyon shehinsa in turo na malamina, in ya kawo ruwaya in kawo wadda ta fi ta. Bara har fatawoyi na tara na jera masa da lambar shafi, bai ce uffan a kansu ba, sai sitika ya turo ta mutum yana dariya. Daga nan na shiga muhawarar da ake yi kai tsaye a TikTok, wani lokaci har ƙarfe biyun dare, kuɗin data kuwa ba a magana. Ban taɓa ganin wanda ya ce ya gamsu ba. Da matata ta haihu Yaya bai zo suna ba, matarsa ya aiko da turmin atamfa. Shin wannan musun yana canja wani kuwa? In kuma na daina, ban shiga cikin masu ɓoye ilimi ba? Ɗanka, daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Maganar Maulidi ba zan raba muku ita ba. Malaman da suka fi ni da ku sani sun daɗe suna rubuce-rubuce a kanta, ba kuma a shafin mujalla za a naɗe tabarmarta ba. Abin da ka tambaya shi zan amsa.

Wanda kake musu da shi a bainar jama'a da wuya ya sallama, ko da ka ɗaure shi da jijiyoyin jikinsa. Tsaya ka lissafa abin da kake neman Yaya ya biya. A zauren nan akwai goggonninku, akwai kawunnai, akwai ƙannen da yake aika, wataƙila har matarsa. In ya rubuta cewa ƙaninsa ya fi shi gaskiya, ya ce ke nan mahaifinsa bai san abin da yake yi ba, malamin da ya koya masa Ishiriniya ma haka. Gobe da wane ido zai dubi mutanen zawiyarsu, waɗanda su ne masu kai shi asibiti in ya kwanta, su ne masu ranta masa jari in kasuwa ta karye? Duk wannan kake so ya sauke saboda hoton shafin littafi da ka turo ƙarfe ɗayan dare. Kai ma tambayi kanka: da wata rana zai kawo hujjar da ka rasa amsarta, za ka rubuta "na sallama", ko wurin malaminku za ka ruga neman raddi?

Ni abin da ake yi a TikTok da daddaren nan gidan dambe yake tuna mini. Mutumin Kudu ba ya komawa Arewa don an kashe ɗan dambensu. Zai ce santsi ne, zai ce alƙalin wasa ya yi son kai, zai ce a bari sai karo na gaba. Da ɓangarensa ya shigo, da shi kuma zai fita.

Kada ka ɗauka waya ce ta kawo wannan hali. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto yana tambaya: da wace hujja kuke yaƙar mutanen da suke sallah suke azumi? Saɓo ba kafirci ba ne, in ji shi, kuma irin abubuwan da ake zargin Borno da su ana yin su a Misira da sauran ƙasashen Musulmi. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, babbar hujjarsa ita ce Borno ta mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo. Wasiƙu suka yi ta kai-kawo. Manyan malamai biyu, mazhaba ɗaya, littattafai ɗaya, amma ba wanda ya sallama wa ɗan'uwansa; daga baya dai kowa ya tsaya a iyakarsa. Abin lura a nan shi ne, hujjojin al-Kanemi sun iso gare mu ne saboda Bello ya kwafe wasiƙar ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri da ƙarfinta, sannan ya amsa. Yanzu fa? A yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu, a datse "amma" ɗin da ya biyo baya, a ɗora rubutun "ya sha kunya". Har mai maganar in ya ji ba zai gane tasa ba ce.

Mu da muka taso zamanin rediyo da kaset mun ga namu. Sheikh Abubakar Gumi yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello ana sakawa a Rediyon Kaduna. Ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972, Sheikh Nasiru Kabara ya rubuto masa raddi daga Kano. Aka kafa Izala a Jos a 1978, Sheikh Dahiru Bauchi ya ɗauki nasa tafsirin a Kaduna. Kaset na raddi, kaset na raddin raddi, a tasha ake sayar da su jere da na mawaƙa. Sama da shekara hamsin ke nan, amma yau in Izala ta kira wa'azin ƙasa fili ba ya ɗaukar mutane, in 'yan Tijjaniyya suka kira Maulidin Shehu Ibrahim Inyass haka nan, in Ƙadiriyya ta fito Maukibi a Kano sai an rufe hanyoyi.

Mutane kuwa sun canja a cikin shekarun nan, ba kaɗan ba. Sai dai ka bi waɗanda ka sani ɗaya bayan ɗaya ka ji yadda aka yi. Wani makarantar dare ya shiga don abokinsa yana zuwa. Wata Islamiyyar matan aure ce ta koya mata karatu da fassara bayan ta tara 'ya'ya, sai zuciyarta ta bi waɗanda suka koya mata. Wani ya zo birni ba shi da kowa, zawiya ta ba shi wurin kwana da tuwon dare, ya karɓi wuridi. Wani ubangidansa na kasuwa ya bi. Hujja tana shiga, amma sau da yawa daga bakin wanda aka riga aka yarda da shi take shiga.

Ko muƙabalar da aka shirya ta da tsari ba ta cika yin abin da ake zato ba. A 2006 Malam Isa Ali Pantami ya zauna da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a Bauchi a kan karatun boko da aikin gwamnati. Faifan yana nan har yau, wanda ya kalla da idon basira ya ga inda hujja ta rinjaya. Bai hana rikicin Boko Haram na Yulin 2009 ba. A Kano, ranar 10 ga Yulin 2021, gwamnati ta haɗa Sheikh Abduljabbar Kabara da wasu malamai. Alƙalin zaman, Farfesa Salisu Shehu, ya ce Abduljabbar bai amsa tambayoyin da aka yi masa ba, shi kuma ya ce lokacin da aka ba shi bai isa ba. Nan da nan kowane ɓangare ya yanki guntun bidiyon da ya yi masa daɗi, maganar kuma a kotu ta ƙare. Duk da haka ba na cewa irin zaman Bauchi banza ne. Ina da yaƙinin akwai samarin da ƙafarsu ɗaya tana ciki ɗaya tana waje, suka saurara, suka ja da baya ba tare da sun gaya wa kowa ba. Saboda irinsu ake amsa koyarwa mai haɗari, kuma wannan aikin malamai ne da suka san abin da suke faɗa.

A Amurka wasu masu bincike ƙarƙashin Christopher Bail na Jami'ar Duke sun gwada abin a fagen siyasa, suka wallafa a 2018. Sun biya mutane kuɗi su bi wani shafin Twitter da yake turo musu ra'ayin abokan hamayyarsu har wata guda. 'Yan Republican suka fito sun fi da tauri, 'yan Democrat ma ba su matso ba. Don haka bidiyon malaminka da kake tura wa Yaya kullum, mai yiwuwa son nasa malamin yake ƙara masa.

A can ɗin dai akwai wadda intanet ta juyo da ita da gaske. Megan Phelps-Roper jika ce ga wanda ya kafa wani ƙaramin coci mai tsananin ra'ayi, Westboro, a jihar Kansas, mutanen da har wurin jana'izar sojoji suke zuwa da allunan tsinuwa. Ita ce bakinsu a Twitter tun 2009. An zage ta an gaji, ko gezau. Waɗanda suka girgiza ta 'yan kaɗan ne da suka riƙa yi mata magana kamar mutum, suna tambaya, suna raha, har wani Bayahude daga cikinsu ya nuna mata inda koyarwar cocin take karo da kanta. Ta fita a 2012. Shekara uku ke nan, ka ji, kuma da ta fita iyayenta suka yanke hulɗa da ita.

Muna da misalin da ya fi wannan tsufa nesa ba kusa ba. Da Khawarijawa suka ware daga Sayyidina Ali suka taru a Harura, Abdullahi ɗan Abbas da ƙafarsa ya je har inda suke. Bai fara da wa'azi ba, tambayarsu ya yi abin da suke tuhumar Ali da shi. Suka faɗi uku: ya ba mutane hukunci a al'amarin Allah, ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai ɗebi ganima ba, ya kuma goge laƙabin Amirul Muminina daga takardar sulhu. Ya ce akwai saura? Suka ce babu. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da su kansu suka yarda da shi: ayar da ta ce a naɗa masu sulhu biyu tsakanin miji da mata, tambayar ko za su kama uwarsu Nana A'isha baiwa, da yadda Annabi (SAW) ya yarda aka goge "Manzon Allah" daga takardar Hudaibiyya. A ruwayar da ta shahara, dubu biyu suka dawo daga cikin dubu shida. Ɗan Abbas ne fa, ido da ido, kuma kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. Kai da sitika kake fama.

Akwai mutum ɗaya da musun nan yake canjawa tabbas, wato mai yin sa. Imam Ghazali ya ware babi a Ihya'u a kan cututtukan da muhawara take haifarwa: hassada, girman kai, ƙullata, giba, bin diddigin laifin mutane, farin ciki da tuntuɓen abokin magana, riya. Auna dare ɗaya na TikTok da wannan jeri. In abokin musunka ya yi gyara a karatun aya, daɗi kake ji ko takaici? An ruwaito Imam Shafi'i yana cewa bai taɓa muhawara da wani ba face yana fatan Allah ya bayyana gaskiya, ko a harshensa ko a harshen wancan. Sallar Asuba bayan an kwanta ƙarfe biyu kuwa, kai ka san yadda take ƙarewa. Mai buɗe zauren TikTok ɗin ba asara yake yi ba: yawan 'yan kallo da kyaututtukan da ake tura masa kuɗi ne, kuma faɗa ya fi sulhu tara jama'a. Datarka ce take tafiya.

Batun ɓoye ilimi, kwantar da hankalinka. Hadisin linzamin wuta da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, a kan wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye yake magana. Yaya bai tambaye ka ba, matsayinka kuma ya san shi sarai, ka faɗa ka maimaita. A cikin Abu Dawuda ɗin dai akwai alƙawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar musu ko da shi ne mai gaskiya. Yanke zumunci kuwa daga shehinsa har malaminka ba wanda ya halatta shi.

Ka sami babba a dangi ya yi magana a mayar da zauren kan aikinsa na biki da rasuwa. Ka ɗauki jaririn da uwarsa ku je gidan Yaya godiyar atamfa. Kai ne ƙarami, zuwa naka ne. Kada ka ɗago maganar. In wata rana shi ya ɗago ta ku biyu kaɗai, ka ce ya faɗa maka hujjarsa mafi ƙarfi, ka maimaita masa ita har ya ce haka yake nufi, sannan ka faɗi taka sau ɗaya ka yi shiru. Yana iya yiwuwa ya tsufa yana Maulidi kai ka tsufa ba ka yi, ku dai ku ci gaba da zuwa sunan juna.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni uwa ce daga Zariya. Ɗana yana aji uku a jami'a. Kwanakin baya ya fara kallon muhawarori na Turanci tsakanin masu wa'azi da waɗanda ba su yarda da addini ba. Yana sallarsa, amma ya fara yi mini tambayoyin da nake toshe kunne, a kan ƙaddara da wahalar yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Babansa ya ce zai ƙwace wayar ya kai shi a yi masa ruƙiyya. Yaya za mu yi?

AMSA: Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ɗanki shi ne irin wanda muhawara take taɓawa da gaske. Ba ya cikin masu faɗan, ba wanda yake kallonsa balle ya ji kunya, yana kwance shi kaɗai da waya. Tambaya cikin minti ɗaya take shiga, amsarta kuwa sai an zauna. Manhajar kuma in ta ga ya kalli ɗaya har ƙarshe sai ta yi ta jero masa irinsa.

Amma ki lura, ke ya kawo wa tambayar. Yaron da ya gama yanke shawara ba ya tambayar uwarsa, shiru yake yi. Imam Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun gaya wa Annabi (SAW) suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta a zukatansu, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 260. Tambayar ƙaddara da halin yara ma ba baƙuwa ba ce. Ana ba da labarin cewa a kan irinta Abul Hasan al-Ash'ari ya rabu da malaminsa al-Jubba'i a Basra, ya bar Mu'utazilanci yana da shekara arba'in, kuma tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa a kan tafarkinsa yake.

Ki lallashi Alhaji ya bar maganar ƙwace waya. Abokin ɗakinsa yana da wata, abin da yaron zai koya kawai shi ne kada ya sake gaya muku komai. Ruƙiyya tana da muhallinta, amma ba ta amsa tambaya. Ku nemi malamin da ya haɗa karatun zaure da na jami'a, Zariya kuwa ba ta rasa irinsu ba, wanda ba ya tsawa, wanda ba ya jin nauyin cewa "wannan sai na duba". A bar su su biyu, ba sau ɗaya ba. Kada maganar ta je kunnen dangi, don da zarar an laƙaba masa suna zai fara kare sunan.

Abu ɗaya za ki ja masa kunne a kai da ƙarfi: kada ya rubuta waɗannan tambayoyi a Facebook ko zauren 'yan aji. A Mayun 2022 saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji ya zama sanadin ran wata ɗaliba a Sakkwato. A Afrilun shekarar wata kotu a Kano ta yanke wa wani ɗaurin shekara 24 a kan abin da ya rubuta a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Maganar da malami zai amsa a zaurensa cikin ruwan sanyi, in aka ɗauki hotonta aka yaɗa ba mai tsayawa ya ji abin da ake nufi.

TAMBAYA: Malam, ni Kirista ne, Bahaushe, ina aiki a Kaduna. Abokin aikina Musulmi mutumin kirki ne, amma kullum sai ya turo mini bidiyon Ahmed Deedat. Ni ma na fara tura masa na fastoci masu mayar da martani. In ci gaba ko in share?

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da ka rubuto. Muhawarar Deedat da fasto Jimmy Swaggart a 1986 aka yi ta a Louisiana, kaset ɗinta ya zaga Arewa, kuma har yau kowane ɓangare gwaninsa yake gani ya yi nasara. Ku biyu ba ku kuke magana ba, aiken maganar wasu kuke yi wa juna. Ka same shi a wurin cin abincin rana ka ce masa ka ga saƙonninsa, ka san da kyakkyawar niyya yake yi, amma a dakatar da bidiyo daga ɓangarorin biyu. In yana da tambaya a kan addininka ya yi maka da bakinsa ka amsa da abin da ka sani, kai ma haka. Ka tuna masa Suratul Ankabut, aya ta 46, wadda ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Ya san ta. In ya ci gaba da turowa, ba dole sai ka buɗe ba, ba kuma dole sai ka rama ba.